A Gyara Gidan Gado, A Zauna

A tsohon birnin Kano, da Zariya, da Katsina, da Damagaram, akwai abin da ya zama ruwan dare bayan rasuwar maigida. An yi sadakar bakwai, an yi ta arba'in, malamai sun zauna sun raba gado, gidan da a da yake da zaure biyu da sassa huɗu ya koma gunduwa-gunduwa. Wani ya tashi da ɗaki biyu da ɗan tsakar gida, wata ta samu ɗaki da rumfa. Tun ba a naɗe tabarmi ba 'yan'uwa da abokai sun fara ba da shawara, kuma shawarar ba ta wuce biyu: ko a rushe wannan tsohuwar ƙasa a ɗora bulo, ko a sayar wa maƙwabci mai hali a koma bayan gari a sayi filin awon igiya. Da wuya a ji wanda ya ce a gyara a zauna.

Wannan shawara ta uku, wadda ba ta da mai tallata ta, ita ta fi dacewa da aljihun yawancin iyalai a yau, da lafiyarsu, da irin zafin da ƙasar Hausa take sha. Iyalin da suka tsaya a ɗan sashensu na gado suka gyara shi da hankali sun yi lissafin da maƙwabtansu da yawa ba su zauna sun yi ba, kuma ya kamata a daina yi musu kallon waɗanda suka kasa.

A fara da kuɗi, tunda a kansa gardama take ƙarewa a kowane gida. A farkon 2024 buhun siminti ya haura Naira dubu 10 a garuruwa da dama na Najeriya, rodi da kwano da katako suka bi sahu. Mutumin da ya rushe ɗaki biyu yana ganin cikin wata uku zai tare, sau da yawa a linta aikin yake tsaya masa. Duk wanda ya zaga bayan gari ya san kangayen nan: bulo ya kai taga, ciyawa ta cika ciki, awaki ke kwana, mai ginin kuwa yana can yana biyan haya shekara bayan shekara. Wanda ya yi sa'a ya gama, ya koma Rimin Kebe ko Gaida ko can bayan Ɗanbare, alhali sana'arsa tana Kurmi ko Kantin Kwari, ya ɗaura wa kansa kuɗin A Daidaita Sahu safe da yamma, kuɗin da ya ninka tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023. 'Ya'yansa sun bar makarantar allo da Islamiyyar da aka san iyayensu da kakanninsu. Matarsa ta bar masu kawo mata ɗinki, ta bar tsohuwar da take riƙe mata goyo ranar awo. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da yake fitowa a takardar da magini ya rubuta, amma duk sai an biya.

Sai zafi. Katangar tubali mai kauri tana shan rana tun hantsi, amma zafin ba ya ratsa ta ya kai ciki sai can dare, lokacin da iska ta fara sanyi kuma mutanen gida sun shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Da hunturu kuma ɗumin da ta tara da rana shi take saki da asuba. Bulon inci shida mai rami, da rufin kwano ba sili, akasin haka suke yi: ƙarfe goma sha ɗaya na safe ɗaki ya gagara zama, jariri yana kuka, ƙuraje sun feso masa a wuya. A Kano da Sakkwato da Maraɗi ma'aunin zafi yakan haura 40 a watan Afrilu, kuma a farkon Afrilun 2024 garin Kayes na ƙasar Mali ya kai 48.5. Gidan bulo da kwano an gina shi ne bisa zaton wuta za ta riƙa zuwa ta juya fanka. A watan Oktoban 2024 yawancin jihohin Arewa sun yi fiye da mako guda babu wuta ko ƙyas. Waɗanda kuma suke samun wutar sosai, 'yan rukunin farko, tun Afrilun shekarar aka ninka musu farashi fiye da sau uku. Ɗakin da yake da sanyinsa na kansa ba ya jiran kamfanin wuta.

Ga yadda irin wannan gyara yake kasancewa idan an yi shi yadda ya kamata. A ɗauki iyali irin waɗanda ake samu a kowane lungu na Yakasai ko Mandawari: maigida tela ne, uwargida tana ƙulla kayan miya, yara biyar, ɗaki biyu da zaure da tsakar gidan da bai fi shanya igiya biyu ba. Magini na gari ba daga fenti yake farawa ba. Yakan durƙusa ya duba gindin katanga, domin nan ne ruwa yake ci. Titin unguwa an yi ta cika shi shekara da shekaru har ya fi ƙofar gida tudu, ruwan sama na gangarowa cikin zaure, danshi yana hawa katanga, kanwa tana fitowa fari-fari tana zubar da ƙasa. A nan ne ya dace a kashe kuɗin siminti da dutse: a ɗaure gindin katanga daga waje, a yi dakali mai gangara da zai kori ruwa, a ɗaga bakin ƙofa, a fitar da kwata ta haɗu da lambatu. Buhu kaɗan ya isa wannan aiki, ba tirela ba.

Daga nan sai sama. A hau soro a duba azara, a cire wadda gara ta ci, a sake daɓen rufi da gangara, a sa indararo mai tsawon da zai jefa ruwa nesa da jikin gini. Inda azara ta yi tsada, kuma ta yi, domin giginya sai ta shekara da yawa kafin ta isa sara kuma ta ƙaranta a dazuzzuka, wasu sukan bar rufin ƙasa yadda yake su ɗora kwano a samansa da ɗan tazara, iska tana wucewa tsakani. Kwanon ya tare ruwa, ƙasar ta tare zafi. Sai a huda 'yar taga can sama a katangar da take fuskantar ƙofa, domin iska mai zafi sama take taruwa kuma tana neman mafita. A raba masai da rijiya, a yi masa rami mai kyau da bututun fitar da wari. A sauke murhun itace daga ƙofar ɗaki, a yi ɗan madafi mai buɗaɗɗen sama, ko a koma tukunyar gas idan da hali, saboda hayaƙin da mata da yara suke shaƙa kullum yana cikin manyan abubuwan da ke jawo ciwon ƙirji. Farantin sola ɗaya ko biyu da batir sun isa ƙwan fitila huɗu da fanka da cajin waya. Randa ta koma gurbinta a inuwa. Wanda bai yarda tukunyar ƙasa tana da sauran aiki ba, ya tuna da marigayi Mohammed Bah Abba, malamin makaranta a Jigawa, wanda ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000 saboda tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, dabarar da take sa tumatir da alayyafo su kwana da yawa ba su lalace ba.

Kuskure ɗaya ne ya fi kashe gidajen ƙasa a biranenmu, kuma da kyakkyawar niyya ake yin sa: a shafe katangar tubali gaba ɗaya da filastar siminti don ta yi kama da ta maƙwabci. Ƙasa tana shan danshi ta kuma fitar da shi, siminti kuwa ba ya bari. Kamar a sa wa mai gumi rigar leda ne. Danshin ya maƙale a ciki, katanga tana ruɓewa a ɓoye, daga waje tana sheƙi, sai wata rana cikin Agusta filastar ta ɓalle falle guda, ta tafi da rabin bango. Magina na da sun san maganin wannan. Suna da makuba, da ake samu daga kwasfar ɗorawa, suna da laso, da ake haɗawa da katsin karofi da gashin majema da dafara. Waɗannan suna korar ruwan sama, kuma ba sa toshe numfashin katanga. Karofin Ƙofar Mata da majemar birni ba tufafi da fata kaɗai suke bayarwa ba, har rufin gidajen gari suna da hannu a ciki.

Mai adawa da wannan ra'ayi yana da hujja mai nauyi, kuma ba daidai ba ne a yi kamar ba a ji ta ba. Gidan ƙasa yana faɗuwa, yana kashe mutane. Kowace damina sai an ji labarin katanga ta danne yara suna barci. Ranar 11 ga Agustan 2023 wani sashe na babban masallacin Zariya, ginin Babban Gwani Muhammadu Durugu na ƙarni na 19, ya rufta kan masallata ana sallar la'asar, aka rasa rayuka. A watan Satumban 2024 tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram, shi ma na ƙarni na 19, ya zube bayan mamakon ruwa. Uwar da ta kwana tana tara kwanuka a ƙarƙashin yoyo, tana sauraren ƙarar faɗuwar bangon maƙwabta, idan ta ce ita bulo take so, babu mai ikon ganin laifinta.

Amma a duba shekarun waɗannan gine-gine kafin su faɗi. Sun haura shekara ɗari da hamsin suna tsaye, saboda kowace shekara ko biyu akwai hannun da yake komawa kansu da yaɓe. Ginin ƙasa ya dogara ne da kulawa, kuma kulawar ce ta yi rauni. A da, bayan kaka, maigida yakan tara samarin gida a kwaɓa ƙasa a bi soraye. Yau gidan yana hannun magada goma sha biyu, kowa yana jiran ɗan'uwansa ya fara ciro kuɗi. Kududdufan da suke shanye ruwan unguwa an cike su an yi shaguna, lambatu ya toshe da ledar ruwa. Ruwan da ya rasa hanya kuwa ba ya tambayar da me aka yi gini. A Maiduguri, da madatsar Alau ta ɓalle a Satumban 2024, gidajen bulo ma sun sha kashi. Bulon da ake bugawa a bakin titi, buhu ɗaya a fitar da adadin da ya wuce ƙima, yana marmashewa a hannu tun kafin a ɗora shi. Don haka zaɓin da ke gaban iyali shi ne tsakanin gini mai kulawa da gini marar kulawa, kuma gyaran ɗaki biyu na ƙasa yana cikin abin da tela zai iya ɗauka ba tare da ya ci bashi ba.

A Jamhuriyar Nijar an riga an nuna cewa wannan magana ba ta masu begen jiya ba ce. A garin Dandaji na jihar Tawa, mutane sun so su rushe tsohon masallacinsu na ƙasa su yi sabo. Masu zanen gine-gine biyu, Mariam Issoufou 'yar Nijar da Yasaman Esmaili 'yar Iran, suka kawo wata shawara: a gina sabon masallacin da bulon jar ƙasa da ake matsawa da inji, tsohon kuma a gyara shi ya zama ɗakin karatu. An kammala a 2018, kuma magina na gargajiya suna cikin waɗanda suka yi aikin. Yankin nan ne ya fitar da Falke Barmou, maginin masallacin Yaama da ya ci lambar Aga Khan a 1986. Kafin Dandaji, a 2016, Mariam Issoufou da abokan aikinta sun gina gidaje shida masu bene a Yamai, a aikin da aka sa wa suna Niamey 2000, kan fili irin wanda aka saba ba wa gida ɗaya. Da bulon ƙasa aka yi su, kowane da tsakar gidansa da inda iyali za su sha iska ba a gan su ba, kuma masu zanen sun faɗa da bakinsu cewa daga tsofaffin birane irin su Kano da Damagaram da Tumbuktu suka ɗauko darasi. Abin da ake rushewa a lungunanmu shi wasu suke zuwa su auna da tef su koya.

Akwai ma wata alaƙa da ta kai har Faransa. Jean-Philippe Vassal ya yi aikin tsara birane a Nijar a farkon shekarun 1980, kuma ginin farko da suka yi da abokiyar aikinsa Anne Lacaton bukkar zana ce a kan tudun yashi kusa da Yamai. Su biyun sun ci lambar Pritzker a 2021, mafi girma a fannin zanen gini, kuma abin da aka san su da shi shi ne ƙin rushe gidan da za a iya gyarawa. A birnin Bordo sun gyara gidaje 530 na masu ƙaramin ƙarfi, suka ƙara wa kowane fili da haske, mazauna suna ciki ba a tashe su ba. Dalilinsu ya shafi kuɗi, ya kuma shafi duniya: masana'antar siminti ita kaɗai tana fitar da kusan kashi 8 cikin 100 na iskar da take ɗumama duniya. Katangar da take tsaye an riga an biya kuɗinta. Idan ta ƙasa ce, ko ta faɗi, ana jiƙa ta a sake kwaɓawa.

Saura maganar ƙanƙanta, wadda ita ce ta fi ci wa mata tuwo a ƙwarya. Ɗaki biyu da yara biyar ba wasa ba ne. Addini ya yi umarni a raba wa yara makwanci idan sun tasa, baƙo yana buƙatar inda zai zauna ba tare da ya ratsa cikin gida ba, budurwa tana buƙatar inda za ta sa kaya. Tsarin gidan Bahaushe ya san da wannan tun asali. Zaure ɗakin baƙi ne da rana, makwancin samari da dare, shagon ɗinki idan an sa keke. Rumfa ita ce falo wata takwas a shekara. Inda katanga take da ƙarfi, kuma wanda ya san aiki ya duba ya tabbatar, ana iya ɗora ɗan ɗakin bene a kan zaure, abin da attajiran birni suke yi tun kafin zuwan Turawa. Alkuki a jikin bango yana ɗaukar abin da kabad zai tare rabin ɗaki saboda shi.

Sai dai a faɗi gaskiya, da yawa daga cikin ɗakunanmu kayan ɗaki ne suka cinye su. Gado mai faɗin da sai an cire ƙofa kafin ya shiga, sif mai ƙofa shida, kujeru saiti guda da ba a zama a kai don kada su yi datti, kwanuka jere har sama da ba a taɓa zuba musu tuwo ba. Iyaye suna cin bashi su saya, 'yan jere suna turawa da ƙarfi, amarya ta wayi gari ba ta da inda za ta shimfiɗa sallaya sai a lungun gado. Uwar da ta auna ɗakin 'yarta kafin ta je wurin kafinta, ta rage kujera ta saya mata sola da keken ɗinki, ta yi mata gatan da zai daɗe, ko da dangin miji sun yi ƙananan maganganu ranar buɗar kai.

Wannan ba yana nufin kowane ƙunci abin yabo ba ne. Mutum goma a ɗaki ɗaya marar taga hanya ce ta sanƙarau da tarin fuka, kuma babu yaɓen da zai gyara wannan. Akwai gadon da idan aka raba ba ya zaunuwa, sai dai wani ya sayi rabon wani, ko a sayar a raba kuɗi. Maganar a nan ta shafi dubban gidajen da suke tsakiya, waɗanda ake rushewa don kunya kawai, don kada a ce har yanzu wane yana gidan ƙasa.

Hukuma tana da rawar da za ta taka, kuma ba mai tsada ba ce. Bankin ba da lamunin gidaje na tarayya yana da rancen gyaran gida, amma ma'aikatan da ake cire wa kuɗin asusun gidaje daga albashi ne suke kaiwa gare shi. Tela da dukawa da mai ƙosai ba sa ciki, kuma yawancin gidajen cikin birni ba su da takardar mallaka ta gwamnati, sai shaidar mai unguwa da takardar rabon gado ta kotu. Jihar da take ware biliyoyi don gina rukunin gidaje a bayan gari, waɗanda talaka ba ya iya saye, za ta iya ware kaɗan daga ciki ta ba da ƙaramin rance na gindin katanga da rufi da masai, ta karɓi shaidar kotu da ta dagaci a matsayin hujja. Ta kuma yashe lambatu kafin ruwan farko, ta hana cike sauran kududdufan da suka rage. A Agadas, wadda UNESCO ta sa tsohon garinta cikin wuraren tarihi na duniya a 2013, mutane suna zaune a gidajen ƙasarsu har yau, kuma ruwan 2024 ya nuna cewa ko can ɗin suna ba ya tare ambaliya idan ba a taimaka wa masu gida da gyara ba.

Abin da ya fi gaggawa shi ne hannu. Ilmin nan yana nan a rubuce: Zbigniew Dmochowski, ɗan ƙasar Folan, ya shafe shekaru yana auna gine-ginen gargajiya na Najeriya, kuma a gidan tarihin gine-gine na Jos akwai kwafin masallacin Zariya da na ganuwar Kano. Cibiyar binciken gine-gine da hanyoyi ta tarayya ta ƙera injin matsa bulon ƙasa tun tuni. Amma takarda da inji ba sa hawa soro. Maginan da suka iya ɗaurin guga da bakan gizo, suka san ƙasar da za a haɗa da wadda za a bari, suka san kwana nawa kwaɓi zai yi kafin a murza tubali, yawancinsu sun manyanta, 'ya'yansu kuma sun koma ɗora bulo ko tuƙa babur mai ƙafa uku saboda nan aikin yake. Masarautun Kano da Zazzau da Katsina da Damagaram suna da sarautar magina. Ta hannunta za a iya rubuta sunayen waɗanda suka rage unguwa-unguwa, a haɗa kowanne da ɗaliban kwalejojin fasaha su yi rani guda suna bin sa, a biya shi kuɗin koyarwa, a kuma ba shi aikin gyaran makarantu da ɗakunan shan magani na ƙasa da ƙananan hukumomi suke bari suna zubewa. Iyalin da suka yanke shawarar gyara sashensu bana suna buƙatar su san ƙofar da za su ƙwanƙwasa tun watan Nuwamba, domin aikin ƙasa daga bayan kaka yake farawa, kuma dole a gama rufi ya bushe kafin hadarin farko na watan Mayu.